Gonar Ilu Kafin Tawa

Na ji abin da kuke faɗa a kan fadamar da na sayar. Ba a gabana kuke faɗa ba, amma katangar gidan nan ba ta da kauri. Kun ce na sayar da gadon ubana saboda direba. Ban musa ba. Abin da ba ku sani ba shi ne hanyar da aka bi aka kai ga haka, don wasunku suna goye a lokacin, wasu ko haihuwarsu ba a yi ba. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Direba ne ni kafin in zama mai mota. Mota ta kife da ni a hanyar kurmi, ƙafata ta dama ta karye. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ta warke a karkace. Tana tafiya, amma ba ta taka birki. Na haɗa abin da na tara da shanun da nake da su, na sayi tsohuwar roka mai bodin katako, na ajiye ta a ƙofar gida. A nan na gane cewa mota ba direba rumfar awaki ce. Shekarun fari ne. Damina ta zo a guntule, wadda ta biyo ta ta fi ta lalacewa. Rumbuna suka koma wofi, har ɓera ya yi ƙaura. Abin da ke riƙe da mutanen ƙasarmu shi ne abin da mota ta kawo daga kudu, masara da garin rogo. Mu kai albasa da wake da awaki, mu dawo da abinci. Lodi bai taɓa yankewa ba. Direba ne ya yanke.

Ta hanya biyu nake rasa direbobi. Ta farko kamfanonin tankar mai da ke birni, masu albashin wata da sabuwar mota. Wannan ba ni da maganinsa, ban kuma tsaya jin haushinsa ba. Ta biyu ita ce ruwan sama. Direban ƙasarmu manomi ne da ya koyi sitiyari. Kunnensa na kan inji, idonsa na gabas. Duk rani zai yi maka aiki kamar bawa, amma ranar da hadari ya zubar da ruwan shuka, ba shi da maigida sai gonarsa. Akwai wani Garba da na ɗauka, ya ɗauko albasa cike da mota, ruwa ya same shi a Bici. Ya kashe mota a tasha, ya ba ɗan kamasho makulli ya kawo mini, shi kuwa ya shiga hanyar ƙauyensu. Kafin in samo wanda zai ja motar, albasa ta fara ruwa a cikin buhu. Na bi shi har gona, na same shi da sungumi a hannu. Ko gaisuwa ban yi masa ba, na tambaye shi abin da na yi masa.

Ya ce, “Maigida, ba ka yi mini komai ba. Albasa tana jira, laima ba ta jira.”

Albasar ba ta jira ba, amma ban ja da shi ba, don na san inda ya dosa. Daga nan na ɗauko ɗan birni wanda ba shi da gona. Bai yi wata biyu ba ya ce garinmu ba wuta, ba wurin hira, ruwan rijiyarmu yana ɓata masa ciki. Ya tafi. Mota ta zauna, kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta. Gidan nan kuwa baki ya yi yawa: ku, da uwarku Dije, da tsohuwata, da ’ya’yan wana da ya rasu ya bar mini.

Sai aka ba ni labarin Ilu. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Tsanyawa, dogo, ba ya magana sai ta kama. An ce idan inji ya yi tari, yana gaya maka inda ke masa ciwo kafin a buɗe. Kamar Garba, shi ma yana ajiye makulli duk damina. Ubansa ya rasu, uwarsa ido ya yi rauni, matarsa Hajo ’ya’yanta duk ƙanana ne. Gona ɗaya gare shi, kuma ba wanda zai shiga ta sai shi. Na hau jaki na je gidansa da rani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce zai ja mini mota har bazara, idan hadari ya fara haɗuwa zai kawo mini makullina tun kafin a yi lodi, don ba ya son ya cuce ni kamar yadda aka cuce ni a Bici. Na ce ba direban rani nake nema ba. Na tambaye shi, idan aka shuka masa gona, zai zauna a mota? Ya ce wa zai shuka. Na ce ni.

Ya ce, “Bayan ka gama taka?”

Na ce, “Kafin tawa.”

Ya dube ni, ya dubi ƙafata. Ya tashi ya ce in biyo shi. Wurin limamin ƙauyensu ya kai ni, ya ce in maimaita. Na maimaita. Liman ya ce, “Malam Haladu, ka san shekarar da muke ciki kuwa?” Na ce na sani. Ya sake tambaya, na sake amsawa. Aka shafa Fatiha. Na kawo maganar a yi binne, wato a zuba irin a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa, don kowa ya huta. Ilu ya ƙi. Ya ce a irin wannan shekara yayyafi kaɗan zai tayar da iri ya kashe shi, ba kuma wanda ke da irin da zai zuba sau biyu. Gaskiya ya faɗa.

Ni a lissafina abin mai sauƙi ne. Ranar da ruwa ya sauka in yanka akuya, in kira gayya, samari su share gonar Ilu kafin hantsi, mu dawo tawa. Da na dawo gida na gaya wa uwarku. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Ta ce, “Malam, tun da uwarka ta haife ka, wa ka taɓa gani ya je gayya ranar shuka?”

Gayya ta noma ce da huɗa da girbi, aikin da zai iya jiran gobe. Ranar shuka kowa na kan tasa, liman ma gajeriyar sura yake ja da asuba. Na san haka tun ina yaro, amma shekarun da na yi a kan kwalta sun mantar da ni. Ta ce in koma in warware. Na ce an shafa Fatiha. Ta ce to, Fatiha ba ta riƙe sungumi. Daga ranar ban ƙara kallon gabas da farin ciki ba. Kowa yana roƙon ruwa, ni ina roƙonsa ina jin tsoronsa.

Ilu ya kama mota, ta zama wata daban. Ya yi ta kai da kawo har zafin bazara ya sauka. Hadari ya fara leƙowa yana komawa. A lokacin aka yi masa lodin wake zuwa kurmi, zai dawo da masarar ’yan kasuwar Tsanyawa. Kafin ya tayar da mota ya leƙo ta taga ya dubi sama, ya dube ni. Na ce masa ya tafi. Bayan tafiyarsa ɗan kamashon tasha ya ja ni gefe, ya ce an ga Ilu a birni wurin mai shayi tare da wani mutumin kamfanin tanka, sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Na ce shan shayi ba laifi ba ne. Amma maganar ta riga ni isa gida. Ba waya a lokacin. Mutum idan ya wuce Zariya, sai dai ka ji labarinsa a bakin wani direba.

Ruwan ya sauka bayan la’asar. Ba mai yawa ba ne. Da ya ɗauke na fita bayan gida na tona ƙasa da hannu, laima ta tsaya mini a wuyan hannu, ƙasan nan busasshe. Duk manomi ya san abin da wannan ke nufi. Yini ɗaya ne. Wanda ya zuba iri gobe ya samu, wanda ya kai jibi ya zuba a toka.

Da gari ya waye uwarku ta fasa yumɓun da ta liƙe bakin tukunyar iri da shi. Wannan gero ta ɓoye shi tun kaka. Kun ci dusa, kun ci tafasa, kun yi kuka, ba ta taɓa tukunyar ba. Ta juye shi a ƙwarya ta rufe da faifai, ta tsaya a tsakar gida. Na ɗauki sungumi na ce mu tafi. Ta ce ina. Na ce ta sani.

Ta ce, “Mutumin da gari duka ke cewa ya riga ya bar ka?”

Na ce, “Ban ji a bakinsa ba.”

Ta ce, “Idan ka ji a bakinsa, ƙasa za ta sake jiƙewa?”

Tsohuwata tana zaune a ƙofar ɗakinta, duk tana ji. Na zaci za ta bi bayan surukarta. Sai ta ce da Dije, namiji idan ya yi magana a gaban liman, ko dai ya cika ko ya bar garin, kuma ita ta tsufa da ƙaura. Uwarku ta ɗora ƙwaryar a ka. Na ce ta bar irin a gida, Ilu yana da nasa. Ta ce ba za ta bar shi inda yara masu yunwa suke ba. Muka fita, ni da ita da Abba, babbanku, da ’ya’yan wana biyu. Mun ratsa ta bakin gonarmu. Tana nan a share, ta sha taki, tana ƙamshin ruwa. Abba ya karkata zai shiga, na ce ya miƙe. A ƙasarmu gona na jingine da gona, ba inda za ka bi ba a gan ka ba. Duk inda muka gifta sai an ɗago. Wani ya ce, “Haladu, ka yi makuwa ne? Taka tana baya!” Wani ya ce ko motar ce za ta yi mini tsiro bana. Ƙafar tana ja, rana tana hawa, ina jin laima tana fita daga ƙasa kamar ana zare mini jini.

Mun sami Hajo da uwar Ilu a bakin gona. Tsohuwar ta ce tun asuba suke nan, ba su sa rai ba, amma Ilu ya ce su jira. Na ce a kawo iri. Hajo ta sunkuyar da kai. Tsohuwar ce ta yi magana. Ta ce ƙaramin yaron ya kwanta ciwo bayan tafiyar ubansa, ba ya karɓar garin rogo, suka riƙa ɗibar irin kaɗan kaɗan suna dama masa kunu. Yaron ya tashi. Irin ya ƙare. Ilu bai sani ba.

Alkawarin da na yi na shuka ne, ban yi na iri ba. Da na juya a nan, liman da kansa ba zai ce na saɓa ba. Ban dubi uwarku ba, don ba ni da bakin roƙonta. Ta daɗe a tsaye. Ta tambayi Hajo wane yaro ne, Hajo ta nuna mata shi a goye, wuyansa kamar zare. Sai uwarku ta sauke ƙwaryar ta buɗe faifai.

Ta ce, “Malam, sara. Ban tako wannan nisa don in kalli fuskarka ba.”

Na shiga sara da sungumi, su suna bi suna jefawa suna takewa da diddige. Uwarku ta ƙwace rabon iri daga hannun yara, ta ce hannunsu yana da yoyo, ita ke ba kowa ɗan tsunkule. Ba wanda ya zauna. Azahar a tsaye kusan muka yi ta. Ƙafata ta kumbura har na cire takalmi na ɗaure ta da tsumma. Rana ta kusa faɗuwa muka kai ƙarshen kunya. Abin da ya rage a ƙwaryar bai rufe gindinta ba.

Washegari muka shiga tamu. Sungumi yana tayar da ƙura. Muka zuba ɗan abin da ya rage a kwari, inda ƙasa ta fi riƙe sanyi. Ya fito jefi-jefi kamar gemun yaro, rana ta bi ta ƙone shi muna kallo. Maƙwabtanmu da suka shuka a ranar, nasu ya kafa saiwa ya bi laima ƙasa, ya jure. Tamu ce kaɗai ja a tsakiyar kore, kowa ya wuce ya gani.

Ilu kuma shiru. Lokacin da ya kamata ya dawo ya wuce, ya sake wucewa. ’Yan kasuwar da ke jiran masara suka fara zuwa ƙofar gida, da fari da gaisuwa, daga baya ba gaisuwa. Kullum ina bakin hanya a Tsanyawa, ina tare direbobin da suka fito daga kudu. Wani ya ce ya ga motar a gefen hanya an ɗaga ta. Wani ya ce ba ita ba ce. Wani ya ce ya ga Ilu a cikin tanka, ya rantse. Na san kukan injin motata a cikin ɗari, sai kunnena ya fara yi mini ƙarya, ko injin niƙa aka tayar sai na miƙe. Abu uku nake juyawa: ko ya mutu, ko ɓarayi sun tare shi, ko ya bar ni. Ban san wanda zan roƙi Allah ya zama ba. Wata rana muna cin garin rogo, Abba ya tambaye ni, idan Ilu bai dawo ba, geron da muka shuka na wa ne. Na ce ya ci abincinsa.

Ran kasuwar Tsanyawa da hantsi, ina zaune a rumfar mai goro, wani ya ce yanzu motata ta wuce ta bayan gari, ba ta shiga tasha ba, ta yi hanyar ƙauyen su Ilu. Na hau jaki. Daga nesa na hango ta a tsaye a bakin gona, cike da buhuna, tamfol a ɗaure. Ilu yana tsugune a tsakiyar shuka. Geron ya kai kamu ɗaya, kore shar, layi layi. Shi kuwa Ilu ya rame, rigarsa duk baƙin mai. Na tsaya a kansa, bai tashi ba. Ya ce gindin mota ne ya karye a wani daji, ya kwana a ƙarƙashinta yana gadin kaya har aka samo ƙarfen. A can ya ji direbobi suna cewa an yi ruwa a arewa, guda ɗaya, an shuka. Ya ce ya yi lissafi, ba mai hankalin da zai bar gonarsa a shekara irin wannan ya je ta wani. Bai ga laifina ba. Don haka da ya iso birni ya biya ta kamfanin tanka, suka ce ya sauke kayan mutane ya dawo ya karɓi mota. Ya biyo ta nan ne ya ga ko akwai abin da za a iya cetowa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli.

Ya ce, “Na zo ne in ba ka wannan.”

Na miƙa hannu na ce, “Kawo.”

Bai miƙo ba. Ya ce Hajo ta tare shi a hanya ta gaya masa maganar iri. Ya tambaye ni na wa aka zuba. Na ce na Dije. Ya ce taka fa. Na ce ya bi ta can zai gani, ba ta ɓuya. Ya daɗe yana murza ganyen gero a tsakanin yatsu. Ni hannuna yana miƙe. Sai ya mayar da makullin aljihu ya miƙe tsaye.

Ya ce, “Maigida, masarar nan ta mutane ce. Bari in je in sauke, akwai lodin awaki jibi.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, har ya mutu bai ƙara tayar da maganar ba.

Kada ku ɗauka daga nan daɗi ya zo. Ruwa na biyu ya makara. Na samo dawa na zuba, ba ta kai ga ido ba damina ta ɗauke. Ba mu ɗaure dami ko ɗaya na kirki ba. Motar tana kawowa, amma tsohuwa ce, karyewar nan ta taɓa ta, abin da ta samo ita ke cinye rabi. Hatsi kuwa ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Ya zama dole ɗaya ta tafi, ko mota ko fadama. Fadama ba ta ciyar da gidan nan a shekarar da rafi ya ƙafe. Mota kuma, a shekarar na sami wanda zai riƙe ta. Na sayar da fadama. Na sayi hatsi, na gyara inji. Ba wanda ya mutu a gidan nan a wannan fari. Ku je ku tambayi gidajen da ke kewaye da mu ko za su iya faɗin haka.

Da kaka Ilu ya zo da damman gero a bayan mota, ya jibge a ƙofar gida. Na ce ya kwashe, ni alkawari na cika, ba noman raba-daidai muka yi ba. Muna cikin ja, uwarku ta aiko yara suka fara shiga da su ɗaya bayan ɗaya. Na leƙa zan yi magana.

Ta ce daga cikin gida, “Kai ka yi alkawari a gaban liman. Ni ban yi wa kowa alkawarin yunwa ba.”

Daga cikin wannan geron ta cire iri ta liƙe a tukunyarta.

Bayan nan na koyi shiri. Na riƙa ajiye iri kashi biyu, na riƙa kama masu ƙodago tun rani. Da na ƙara mota, ban je neman direba ba. Su suka riƙa zuwa suna tambaya ko nan ne gidan da ake yi wa direba shuka. Wasu sun zauna, wasu duk da haka tanka ta ɗauke su. Ilu ya ja mini mota har idonsa ya daina ganin hanya da kyau, ya kawo makulli da kansa. Fadama ba ta dawo ba. Na nemi wanda ya saya ya mayar mini, ya ƙi, kuma haƙƙinsa ne. Har yau idan na bi ta wurin na ga tumatir ɗinsa, ina kau da kai. Ban ce muku ba ciwo ba.

Kwanan baya na ji Abba yana faɗa a waya, direban tirelarsa ya ajiye aiki, na uku ke nan a bana, duk da ƙarin da ya yi musu. Na tambaye shi ina gonar mutumin take. Ya ce bai sani ba.

Ilu ya rasu, uwarku ta rasu. ’Ya’yansa maza suna kan hanya, duk direbobi ne, har da wanda ya sha kunun irin. Hajo tana nan da ranta, gonar ma tana nan. Tun wancan ruwan ban taɓa fashin shuka ta ba, ko da a kan jaki za a kai ni in zauna a gindin kuka ina kallo. Liman bai sa wa maganar ranar ƙarewa ba, ni ma ban sa ba. Idan ruwa ya sauka bana ba na nan, ku tona ku duba laima, sannan ku ɗauki sungumi. Kun san wadda ake farawa da ita.